Daga Gindin Allo: Addu'a da ƙwayar likita ba kishiyoyi ba ne

  

A watan da ya wuce mun yi zancen ajiyar wake, yadda ƙwari ba za su ci shi ba. Na yi muku alkawari wannan wata za mu yi lissafin kuɗin taki. Ku yi mini gafara, na ɗaga wannan zance sai wata na gaba. Wata wasiƙa ce ta zo mini, kuma amsarta ba ta jira.

Wasiƙar ta fito daga wani ƙauye na jihar Tawa. Mai ita ɗalibin yaƙi da jahilci ne, shekararsa 2 da fara karatu, kuma da hannunsa ya rubuta ta. Ya roƙe ni kada in faɗi sunansa. Ba zan faɗa ba. Ga abin da ya ce:

«Malam, matar ƙanena ta haihu yau kwana 20. Tun bayan suna ba ta barci. Tana magana ita kaɗai. Tana cewa jinjirin ba nata ba ne. Liman yana zuwa yana yi mata addu'a safe da marece. Manjo na likitar garinmu ya ce a kai ta birni. Tsofaffi sun ce in aka kai ta an raina addu'a, kuma ciwon iska ba ya son allura. Malam, wanne za mu kama, wanne za mu saki?»

Tun ranar da na karanta na kira shi ta waya. Na ce masa: kada ku saki ko ɗaya. Ku kai ta birni gobe da sassafe, liman kuma ya ci gaba da addu'arsa. Yanzu ina so in faɗi dalili a nan, domin na san ba gidansu kaɗai ke da wannan tambaya ba.

Ni ba lokotoro ba ne, ni ba malamin addini ba ne. Karatuna na lakwal a aji shida ya tsaya. Amma wannan ciwo ya shiga gidanmu, ya ci mana sa guda da rabin gona. Abin da na gani da idona shi zan faɗa muku.

ABIN DA YA FARU A GIDANMU

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi shekara 2 wajen bida, ya komo gida farkon damanar 2021. Tare muka yi noma, lafiya lau. Da kaka ta zo sai muka ga yaro ya sake. Ya bar zama cikin abokansa. Dare ya yi ba ya barci, sai zagayen gida. Ya ce akwai masu yi masa magana daga cikin rumbu. Ya ƙi cin tuwon da inna ta tuƙa, wai an sa masa guba. Ran nan ya fasa randa, ya bi maƙwabcinmu da sanda.

Kowa ya kawo tasa. Wani ya ce iska ya taka a daji. Wani ya ce jifa ce, don ya komo da ɗan abin hannunsa. Aka kwatanta mana wani mai magani a wani gari mai nisa. Muka ɗaure yaro, muka ɗora bisa amalanke, muka kai shi.

Mai maganin ya karɓi baƙin bunsuru da jika 40. Ya sa ƙafar ƙanena cikin turu, a gindin wata bedi. Ana yi masa hayaƙi, ana ba shi jiƙo. In ya yi gardama a sa masa bulala, wai ba shi ake bugu ba, iskar ake bugu. Ya yi wata 3 a nan.

Cikin ɗari na je ganinsa. Na tarar ya rame, ƙafar ta yi gyambo, ƙuda na bin ta. Ya ɗaga kai ya dube ni ya ce: «Yaya, me na yi muku?» Ban samu abin ce masa ba. Har yau in na tuna wannan tambaya, abinci ba ya yi mini daɗi.

Da na komo gida na wuce wurin manjo. Ya rubuta mana takarda zuwa babbar likita ta birni. Muka je, ni da inna da yaron. Lokotoro ya zaunar da mu, ya yi ta tambaya: yaushe abin ya fara, yana barci ko ba ya yi, ya taɓa shan tramol ko wiwi, akwai mai irin wannan ciwo cikin dangi. Aka auna jininsa, aka wanke gyambon.

Inna tana ta ɓoye layar da ke wuyan yaron, tana tsoron faɗa. Lokotoro ya gani ya yi murmushi. Ya ce: «Inna, bar masa abinsa. Ki ci gaba da addu'a, ni ma ki sa ni ciki. Abu biyu na hana, turu da bulala. Jiƙon kuma a dakata da shi, don ban san abin da ke ciki ba, kada ya yi faɗa da maganina.»

Daren nan ƙanena ya yi barcin da ya daɗe bai yi ba. Bayan sati 2 ya ce masu maganar sun yi nisa. Kwana 18 muka yi aka sallame mu, da ƙwaya da takarda. Kafin wata 2 ya koma zuwa kasuwa, ya koma sahun masallaci.

KUSKUREN DA NA YI

Azumin 2022 ya zo cikin watan Afrilu, ga zafi. Ƙanena yana so ya yi azumi kamar kowa. Ƙwayar kuwa tana sa shi barci da nauyin jiki. Sai baffanmu ya ce: «Yaro ya warke. Allah ya karɓi addu'a. Ci gaba da haɗiyar ƙwayar nan rashin godiya ne, rashin tawakkali ne.» Ga kuɗin mota zuwa birni kowane wata ya fara yi mana nauyi.

A gidan nan ni kaɗai na iya karanta takardar lokotoro. Ranar komawa tana rubuce a ciki. Ya kuma faɗa mini da bakinsa kada a tsaida magani sai ya ce. Na sani sarai. Amma na ji kunyar musu da baffa, na kuma ji daɗin kuɗin da zai rage. Na naɗe takarda na sa cikin akwati. Ni mai koya wa mutane karatu, ni na yi haka.

Wata 2 ba abin da ya faru. Muka ce: kun gani ko? Ana saura kwana kaɗan babbar salla, muna tsakiyar noman farko, sai barci ya sake ƙaurace masa. Wata safiya muka tashi ba ya gida. Kwana 3 muna nema. Wasu makiyaya ne suka gan shi a bakin wata rijiya cikin daji, ba takalmi, leɓensa duk ya tsage. Suka ba shi nono, suka riƙe shi da hira har muka iso. Allah ya saka musu da alheri. Da ba su biyo ta nan ba, ban san labarin da zan ba ku yau ba.

Komawa ta biyu ta fi ta farko wuya. Mun yi kusan kwana 40 a likita. Muka sayar da san noma. Rabin gonarmu ciyawa ta cinye.

Lokotoro bai zage ni ba. Ya ce: «Ka san garwashi cikin toka? In ka duba sai ka ce wuta ta mutu. Iska na tasowa sai ta kama danni. Haka wannan ciwo yake. In mutum ya samu sauƙi, maganin ne ke aiki. Ranar tsayawa ni zan faɗa, kuma a hankali ake ragewa.» Ya ce ko wanda ciwon ya kama sau ɗaya tak, yakan daɗe yana shan magani bayan ya samu sauƙi, sau da yawa shekara guda ko fiye. Wasu kuma za su riƙa sha tsawon rai, kamar mai hawan jini ko mai ciwon suga.

ABIN DA LIMAN YA CE

Da muka komo gida, limamin garinmu ya zo gaisuwa. Baffa yana zaune. Na ce: «Allah gafarta Malam, ina da tambaya. Wanda ya sha maganin likita ya rage tawakkali?»

Liman ya yi shiru kaɗan. Sannan ya ba mu labarin mutumin da ya zo wurin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da raƙuminsa. Ya tambaya ko ya ɗaure raƙumin ya dogara ga Allah, ko ya sake shi ya dogara ga Allah. Aka umurce shi ya ɗaure, kuma ya dogara. Liman ya ce wasu mutanen ƙauye sun taɓa tambaya ko su nemi magani, aka ce su nema, domin Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Ya ce Annabi da kansa ya yi tofi ga marasa lafiya, kuma shi da kansa an yi masa ƙaho. Bai bar ɗaya don ɗaya ba.

Ya juya wajen baffa ya ce: «Alhaji, bana da ka roƙi Allah damana mai albarka, ka bar iri cikin rumbu ne, ko ka kai shi gona?» Baffa ya yi dariya ya ce ya kai gona. Liman ya ce: «To, ƙwayar nan iri ce. Mai sa ta tsira Allah ne.»

Ya ƙara mana abu biyu. Na farko, wanda hankalinsa ya gushe ba a rubuta masa zunubi, kamar mai barci da yaro ƙarami. Wanda Allah bai kama da laifi ba, don me mu za mu sa masa bulala? Na biyu, mara lafiya an yi masa rangwame a azumi, ya rama in ya samu lafiya. Ya ce da mun tambaye shi tun cikin azumi, da bai bari an tsaida magani ba.

Sannan ya tambaye ni wane lokaci ake shan ƙwayar. Na ce da dare, sau ɗaya. Ya ce: «To a ɗaura ta ga sallar lisha. Wanda ba ya manta lisha ba zai manta ta ba.»

Tun daga ranar, in aka sallame lisha ana fita masallaci, liman yakan kama hannun ƙanena ya ce: «Ka ɗaure raƙumi?» Shi kuma ya ce: «Yanzu zan ɗaure, Malam.» Mutane suna ji, ba su san zancen ba, don ba mu da raƙumi. Mu uku kaɗai muka sani. Yau ga shi na tona, amma da izinin ƙanena. Shi ya ce in rubuta, ko wani ya amfana. Yana noma gonarsa, yana kiwon tumakinsa, ya yi aure. Har yanzu yana shan maganinsa, har yanzu inna ba ta fasa tashi cikin dare tana yi masa addu'a ba.

KOWANNE DA AIKINSA

Ga abin da na gane cikin shekarun nan. Hankali a ƙwaƙwalwa yake, ita kuwa ƙwaƙwalwa tsoka ce cikin jiki, tana ciwo kamar yadda hanta da huhu ke ciwo. Abubuwa da yawa na taɓa ta: gado, baƙin ciki mai tsanani, firgita, wahalar haihuwa, buguwa a kai, zazzaɓin cizon sauro in ya hau kai, sanƙarau, da shan tramol ko wiwi ko zaƙami. Maganin likita yana shiga jini ya kai ga ƙwaƙwalwa. Yana kawo barci, yana rage jin muryoyi, yana kwantar da tsoron da ba shi da dalili.

Amma ƙwaya ba ta zama kusa da mutum ta riƙe hannunsa. Ba ta ce masa kai namu ne. Mai wannan ciwo yana cikin tsoro da kaɗaici, yara na jifarsa, manya na kauce masa. In ya ji liman ya ambaci sunansa cikin addu'a, in ya ga an matsa masa wuri cikin sahu, zuciyarsa takan kwanta. Masu jinya ma suna bukata. Jinyar mai taɓin hankali tana cin haƙuri ƙwarai. Na ga inna ta gaji har ta kasa magana. In ta yi alwala ta zauna bisa tabarmarta, sai ta tashi da sabon ƙarfi. Wannan ba a sayar da shi a farmasi.

Ban zo in yi gardama da kowa bisa zancen iska ko jifa ba. Abin da na gani shi ne, an yi wa ƙanena allura, ciwon bai ƙaru ba, sauƙi ya samu. Addu'a kuma ba ta hana ƙwaya aiki ba. Ƴan uwanmu Kirista da ke yi wa nasu addu'a a coci, su ma zancen ɗaya ne.

BA MU KAƊAI BA NE

Wani yana ɓoye mara lafiyarsa cikin ɗaki don kunya, yana tsammani gidansa kaɗai abin ya sama. A shekara ta 2022 hukumar lafiya ta duniya, wadda ake kira OMS, ta ce mutum 1 cikin 8 a duniya yana fama da wani ciwo na hankali, babba ko ƙarami. Irin mai tsanani, na jin muryoyi da rikicewar tunani, ta ce yana kama kimanin mutum 1 cikin 300. Ku yi lissafi. Garin da ke da mutum 900 ba zai rasa kamar mutum 3 ba.

Kada kuma a ce kai mai taɓin hankali likita al'adar Turawa ce. A shekara ta 1284 wani sarkin Musulmi na Masar mai suna Ƙalawun ya gina babbar likita a birnin Alƙahira, ya yi ta wakafi, har da ɓangaren masu taɓin hankali a ciki. Ƙwayar da ta fara yi wa wannan ciwo aiki sosai, wadda ake kira Largactil, sai a 1952 aka fara ba marasa lafiya ita a birnin Paris na Faransa. Kafin nan su ma Turawa kulle nasu suke yi cikin manyan gidaje. Kakanninmu da suka yi turu ba su da wata dabara a lokacin. Mu muna da ita.

Haɗa hannu da masu addu'a ma an gwada shi. A 1954 wani lokotoro ɗan Najeriya mai suna Lambo ya fara wani aiki a Aro, kusa da Abeokuta. Marasa lafiya suna zama cikin ƙauyuka tare da wani nasu, suna karɓar maganin likita, kuma yana aiki tare da masu maganin gargajiya. Daga baya ya zama mataimakin shugaban OMS. A 2020 kuma aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi a Ibadan ta Najeriya da Kumasi ta Gana, bisa marasa lafiya sama da 300 da ke hannun masu addu'a da masu maganin gargajiya. Wasu an bar su kamar yadda aka saba. Wasu kuma ma'aikatan likita suna zuwa har inda suke, suna ba su magani, suna shawara da mai wurin. Bayan wata 6, waɗanda aka haɗa musu biyun sun fi samun sauƙi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

ABIN DA ZA A YI

Na ɗaya. A lura da alamu tun da wuri: rashin barci kwana da kwanaki, magana shi kaɗai, jin muryoyi, zargin mutane ba dalili, barin wanka da abinci, ko baƙin ciki da kuka da suka wuce sati 2. A fara da likita mafi kusa. Manjo zai duba, in abin ya fi ƙarfinsa ya rubuta takarda zuwa gaba. Akwai masu duba wannan ciwo a manyan likitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa, da babbar likita ta ƙasa a Yamai, ɓangaren da ake kira Pabiyon E.

Na biyu. Akwai waɗanda ba a kwana da su a gida. Wanda hankalinsa ya rikice tare da zafin jiki, ko sanƙarewar wuya, ko fizge-fizge. Wanda ya ƙi ci da sha. Wanda ya ce zai kashe kansa ko wani. Da mai jego da ta rikice bayan haihuwa. Waɗannan a yi bismilla a kama hanya, a yi addu'ar bisa hanya. Mai jego kada a bar ta ita kaɗai da jinjiri, ko na ɗan lokaci. Irin nata ciwon yana jin magani ƙwarai in an yi sauri.

Na uku. A kawar da maganin ƙwari na gona, da wuƙa, da igiya daga inda mara lafiya yake. Ƙwayar ma a ba mutum ɗaya mai hankali ya riƙe, ya riƙa ba shi ta kowace rana, kada a danƙa masa duka.

Na huɗu. A faɗa wa lokotoro gaskiya: jiƙon da aka sha, hayaƙin da aka yi, tramol in akwai. In mace tana da ciki ko tana shayarwa, a faɗa.

Na biyar. A yi haƙuri da magani. Barci yakan zo da wuri, amma komowar hankali sai a yi sati 2 zuwa 6. In ya kawo rawar hannu, ko sanƙarewar wuya da harshe, ko dalalar miyau, ba iska ce ta motsa ba. A koma likita nan da nan, akwai abin da suke bayarwa ya warware shi, ko su rage, ko su sake wani. Wanda ke yawan mantuwa, a tambaya ko za a mai da shi ga allurar da ake yi sau ɗaya a wata.

Na shida. Kada a tsaida magani don an ga sauƙi, ko don azumi, ko don wani ya ce. Kafin azumi a je a tambayi lokotoro ko za a mai da sha bayan shan ruwa. A tambayi liman hukuncin mara lafiya. A tanadi kuɗin mota tun da kaka, a ware ɗan akuya ko dami biyu saboda shi. A gidanmu kuɗin mota ya fi kuɗin ƙwayar, amma duka biyun ba su kai kuɗin sa ba.

Na bakwai. Ba turu, ba mari, ba bulala, ba hana abinci, ba hayaƙin barkono. Waɗannan ba addu'a ba ne. In mara lafiya ya harzuƙa, a rage taro, a yi masa magana a hankali, a samu maza biyu ko uku da ya yarda da su su raka shi likita.

Na takwas. In ya samu sauƙi a ba shi aiki daidai ƙarfinsa, ban ruwan tumaki ko tsinkar wake. A ci abinci tare da shi. A hana yara kiransa mahaukaci. Yana da suna, a kira shi da sunansa.

ROƘO GA MALAMAI DA MA'AIKATAN LIKITA

Malamanmu, Allah ya ƙara muku daraja. Ku ne ake fara kawo wa mara lafiya, tun kafin manjo ya ji labari. Maganarku ta fi tamu nauyi a kunnen tsofaffi. In kun gama addu'a, ku ƙara kalma ɗaya: ku kai shi likita. In ya komo, ku tambaya ko yana shan maganinsa. Limamin garinmu bai rage komai cikin girmansa ba don ya yi haka.

Ku kuma ma'aikatan likita, sannunku da aiki. In baƙauye ya zo da laya a wuya, kada ku yi masa dariya, kada ku ce masa jahili. Wanda aka kunyata ba ya komowa, wurin mai turu zai koma. Da lokotoron nan ya tsinke layar ƙanena, na tabbata inna ba za ta sake taka ƙofarsa ba. Ku yi mana bayani da Hausa, ku rubuta ranar komawa da manyan lambobi yadda sabon mai karatu zai gane.

AIKIN GIDA

Ɗalibai, ga aikin wannan wata. Kowa ya samu takarda ya ja layi, ya yi gida 30, ya rubuta lamba daga 1 zuwa 30. A sama ya rubuta: an sha magani. Wanda ke da mara lafiya a gida, kowace irin cuta ce, duk ranar da aka sha ya sa alama cikin gidan ranar. Ranar komawa likita ya zagaye ta da jan alƙalami. A kafa takardar inda ido ke gani. Kada a naɗe ta cikin akwati kamar yadda na yi.

Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa tsofaffin gidansu wannan shafi, a dandali ko a ƙofar masallaci.

Shi kuma ɗan uwanmu na jihar Tawa, ya sake kirana kafin jarida ta shiga bugu. Sun kai ta. Kakar jinjirin ce ke jinya, liman ya raka su har tasha. Ya ce ta fara barci, shekaranjiya ta karɓi ɗanta ta ba shi nono. Da sauran tafiya, amma an kama hanya. Ɗan uwa, ka riƙe takardar nan da kyau, kai ne mai karatun gidan. Mu kuma jama'a mu sa ta cikin addu'a.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba masu jinya haƙuri. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu yi lissafin kuɗin taki. Kowa ya zo da alƙalaminsa.

Naku,
Malamin yaƙi da jahilci